A Daina Ɗora Wa Tuwo Laifi: Tsokaci Kan Maiƙo, Sitaci Da Lafiyar Jiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata muhawara da ta cika wayoyin jama'a a 'yan shekarun nan, wato tsakanin maiƙo da abinci mai sitaci wanne ne ya fi yi wa jiki illa. Saƙonnin murya suna ta yawo a WhatsApp da Facebook, wannan ya ce a yi sallama da tuwo da shinkafa da fura a koma ga nama da ƙwai da man shanu, wancan kuma ya ce ko ɗigon mai kada a bari ya shiga tukunya idan ana son zuciya ta zauna lafiya. Ni tsohon malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma abin da zan faɗa yana cikin darussan da muke koya wa yara da kuma binciken da masana suka wallafa. A ganina ɓangarorin biyu duk sun ɗora laifi inda bai dace ba. Abin da ya sauya a cimarmu, har ciwon suga da hawan jini suka zama ruwan dare a biranenmu, shi ne yadda muke sarrafa hatsi, da yawan sugan da muke sha, da irin man da muke suya da shi, da kuma zaman da ya maye gurbin aikin ƙarfi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ke faruwa da loma bayan an haɗiye ta. Duk abincin da ke da sitaci, gero ne ko dawa ko masara ko rogo ko doya, yawu ne ke fara narkar da shi tun daga baki, sannan ƙaramin hanji ya kammala aikin, ya mayar da shi wani suga mai sauƙi da ake kira gulukos, wanda ke tsallakawa cikin jini. Duk jinin babban mutum mai lafiya, wanda ya kai kusan lita 5, bai ɗauke da gulukos fiye da giram 4 zuwa 5 ba kafin ya karya kumallo, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, alhali babbar malmalar tuwo ɗaya tana iya zubo masa fiye da ninki goma na wannan. Dole ne jiki ya kwashe rarar da gaggawa. Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke sakin sinadarin insulin, shi kuma ya sa tsokoki da hanta da ƙwayoyin kitse su karɓi sugan daga jini. Hanta tana iya adana kimanin giram 100, tsokoki kuma kusan giram 400, kuma daga ajiyar hanta ne ake ciyar da ƙwaƙwalwa idan mutum yana barci ko yana azumi, domin ita kaɗai tana cinye kusan giram 120 a yini. Wannan ajiya kamar hatsin da uwargida ta ɗebo ta ajiye a madafa ce, na girkin yini ɗaya ko biyu. Kitse shi ne rumbu, sai dai rumbun jiki ba ya cika, ƙara faɗi yake yi.

Shi kuwa maiƙo hanyarsa daban. Ruwan matsarmama ne ke farfasa shi a hanji, kuma ba ya tayar da sugan jini kai tsaye, wanda shi ne hujjar masu cewa a ci shi son rai. Abin da ba su cika ambata ba shi ne nauyinsa: kowane giram na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali giram na sitaci ko na furotin 4 kawai yake bayarwa. Babban cokalin man gyaɗa guda ya kai kalori 120, babban mutum kuwa abin da yake buƙata a yini yana tsakanin 2,000 da 2,500 gwargwadon jikinsa da aikinsa. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake tuttula mai a shinkafa da wake, ko yadda yake taruwa a gindin kwanon ɗanwake bayan an cinye, zai iya yin lissafin da kansa. Idan mai da sitaci mai saurin narkewa suka haɗu a loma ɗaya, kamar a fanke da cincin da alkaki da taliyar 'yan yara soyayya, jiki yakan fara ƙona sugan ne, shi kuma man a wuce da shi ajiya kusan gaba ɗayansa. A kwana a tashi, kitsen ya soma taruwa a hanta da kewayen hanji, tsokoki su rage jin kiran insulin, fankiriyas ta riƙa ninka aikinta shekara da shekaru har ta gaza. Wannan shi ne tushen ciwon suga irin na manya, kuma yakan daɗe yana ginuwa mai shi bai ji komai ba.

Wannan jayayya ba a nan aka fara ta ba, mun gaje ta ne daga Amurka da Ingila. Wani masani na Jami'ar Minnesota mai suna Ancel Keys ya ƙaddamar da bincike a ƙasashe bakwai a shekarar 1958, ya nuna cewa inda ake yawan cin maiƙon dabba, can ne ciwon zuciya ya fi kisa. A Landan kuma John Yudkin ya dage cewa suga ne babban mai laifi, har ya rubuta littafi a kan haka a 1972, amma aka yi watsi da shi. Sai a 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono takardun da suka nuna cewa ƙungiyar masu sana'ar suga ta Amurka ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard kimanin dala 6,500 domin su rubuta sharhin da aka buga a 1967, wanda ya sassauta wa suga ya jingina laifin ga maiƙo. Da hukumomi suka shawarci jama'a su rage mai, sai kamfanoni suka cika kantuna da kayan ci marasa mai amma cike da suga da farin gari, kuma tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da shekarar 2000 yawan manya masu matsananciyar ƙiba a Amurka ya tashi daga kusan kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan 30. Daga nan sai aka juya ɗaya gefen, aka ce sitaci ne abokin gaba. Wutsiyar wannan juyin ce ta iso wayoyinmu yanzu.

Da aka zo gwada tsarin biyu ƙafa da ƙafa, sakamakon bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. A Jami'ar Stanford, Christopher Gardner da abokan aikinsa sun raba mutum 609 masu ƙiba gida biyu, rabi suka rage mai, rabi suka rage sitaci, tsawon shekara guda, aka wallafa sakamakon a 2018. Masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5.3, masu rage sitaci kuma kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne duka rukunonin biyu an umarce su da abu guda: su rage suga da farin gari, su yawaita ganye, su riƙa dafa abincinsu a gida. Saurin ramar da mutum yake gani a makon farko na barin tuwo kuwa, wadda ake ɗauka a hoto ana tallata ta, yawancinta ruwa ne, domin kowane giram na sugan da ke ajiye a hanta da tsoka yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa, kuma ranar da aka koma cin tuwo ruwan zai dawo.

Yanzu sai mu dubi tukunyarmu. Ƙwayar gero ko dawa ko masara tana da dusa a bayanta da kuma idon da tsiro ke fitowa, kuma a nan ne harza da bitamin da ɗan man da ke cikinta suke. Harzar, wato sashen abinci da hanji ba ya iya narkarwa, ita ce ke jinkirta narkewar sitaci, ta sa suga ya riƙa shiga jini a hankali, ta kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. A yau abin alfahari ne a kai masara inji a surfe ta tas, a jiƙa, a wanke, a niƙa ta yi laushi kamar hoda, a tankaɗe, tuwo ya fito fari sol, ita kuma dusar a ba tumaki da kaji, waɗanda a gaskiya su ne suke cin rabo mafi kyau. Ga tuwon shinkafa da ake dafawa har sai ƙwayar ta narke, ga burodi da taliya da garin kanti da suka zama abincin safe da na dare a gidaje da yawa. Duka waɗannan suna isa jini da sauri. Wake da gurjiya su ne akasin haka, shi ya sa shinkafar da wake ya yi rinjaye a cikinta ta fi farar shinkafa da miya sauƙi ga mai ciwon suga, haka nan dambu mai yalwar zogale ko rama, da faten da aka cika wa ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na harza da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma kuka da kuɓewa da yakuwa da alayyafo da tafasa ba su fi ƙarfin talaka ba.

A nan zan ɗan taɓa wasu abubuwa da masu ciwon suga suka ɗauka tamkar magani. Na farko tuwon alkama. Idan an niƙa alkama ta yi laushi sosai, saurin da take tayar da suga bai da nisa da na farin burodi, don haka wanda ya bar tuwon dawa marar surfe ya koma sayen garin alkama da tsada, ya kuma ƙara girman malmala saboda ya sakankance, asara biyu ya yi. Acca ma sitaci ce, cikakken kwanonta zai tayar da suga. Zuma kuwa, ba na musun falalarta, amma kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinta suga ne, kuma hanta ba ta bambanta shi da na rake.

Babban abin da ya fi damuna shi ne sugan da muke kurɓa. A tsaya a teburin mai shayi da safe a ga yadda ake haɗi: ya zuba garin cakulan, ya tsiyaya madarar gwangwani, sannan ya nutsa cokali cikin robar suga sau uku ko huɗu, kowanne da tozo, yana sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi, mai saye kuma yana cewa a ƙara don bai ji ba. A gefe ga rabin burodi an shafe shi da bota. Kafin azahar wannan bawan Allah zai sha lemon kwalba mai sanyi, da yamma kuma zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa suga da kofi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sugan da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kusan giram 50 ko ƙananan cokula 12, kuma an fi so a tsaya a rabin haka. Da yawa daga lemukan kwalba suna ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ma'ana roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya. Illar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kuma ya ci abincinsa daidai yadda ya saba, sannan kusan rabin sugan wani nau'i ne da hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi, idan ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Najeriya, amma da yadda farashi ya hau, naira 10 ba za ta hana ko ɗan firamare saye ba.

Kayan kanti da aka sarrafa a masana'anta suna da wata matsalar ta daban. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20 a asibiti, ya ba su irin wannan abinci na mako biyu, sannan abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya na mako biyu, bayan an daidaita yawan mai da suga da harzar da aka gabatar musu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin kuma suka sauke kusan haka.

Shi ma maiƙo ba duka ya taru ya zama ɗaya ba. Akwai wanda ke daskarewa idan ya huce, kamar kitsen nama da kakiɗe da man shanu, da manja wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Yawan cinsu yana ɗaga nau'in kolestarol da ke liƙewa a bangon jijiyoyin jini, abin da ke kai wa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma wanda ke zama ruwa, kamar man gyaɗa da man riɗi da man waken suya da man da ke jikin kifi, waɗanda idan suka maye gurbin na farko kolestarol ɗin yakan sauka. An ga haka a aikace a lardin Karelia ta Arewa da ke ƙasar Finland, inda a 1972 aka fara wani shiri na jan hankalin manoma su rage man shanu da gishiri da taba su koma man tsirrai da ganye, kuma cikin kimanin shekara 40 mutuwar maza masu jini a jika sakamakon ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin a haramta manja, domin jansa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai a bar ɗabi'ar ƙona shi a wuta har ya yi fari yana hayaƙi, wadda ke kashe wannan amfanin. Mu da ƙasarmu ta yi suna da dalar gyaɗa a Kano, man da ya dace da mu yana hannun matan da ke matsar ƙuli-ƙuli a unguwanninmu.

Mafi muni shi ne maiƙon da masana'antu ke daskarar da shi ta hanyar cusa masa iskar haidirojin domin ya daɗe bai lalace ba, wanda ake samu a wasu nau'o'in bota da biskit da kek. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abincin duniya a 2018, a Najeriya kuma ƙa'idar hukumar NAFDAC ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Sai dai ƙa'ida ba ta kai ga kaskon bakin titi, inda wata matsalar take. Man da aka soya kifi da shi jiya, yau a soya ƙosai, gobe dankali, ana ƙara sabo a kan tsoho, har ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa yana kama maƙogwaro, zafi ya riga ya lalata shi ya haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. Ban ga laifin mai ƙosai ba, tsadar mai ce ta sa ta haka, amma a gida ana iya rage yawan suya, a yi alala a madadin ƙosai wani lokaci, a gasa kifi ko a sa shi a miya.

Akwai kuma waɗanda wannan wa'azi na gudun mai zai iya halakawa, su ne ƙananan yara. Kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu daga nonon uwa daga maiƙo yake, kuma bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da mai. Yaron da aka yaye aka bar shi da tsinkakken koko zalla cikinsa zai cika amma ba zai samu abin gina jiki ba, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan cokalin mai a kununsa. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ceto dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005, gyaɗa ce da mai da garin madara da suga, leda ɗaya mai giram 92 tana ba da kalori 500. Haka nan manomin da ya yini yana huɗa, da ɗan dako, da matar da ke daka da ɗiban ruwa, tsokokinsu suna zuƙe suga daga jini ko da insulin kaɗan ne, babu dalilin da zai sa a tsorata su da tuwo. Matsalar tana ga wanda ya baro gona ya zauna a shago ko ofis, yana hawa babur ko da masallacin unguwa zai je, amma malmalarsa tana nan irin ta mai noma. Cewa a koma ga nama da ƙwai kuwa, a lokacin da magidanta da yawa sai a sallah ko suna suke ganin nama da yawa, shawara ce ta wanda bai san kasuwa ba.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne gyaran ba ya buƙatar dukiya. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da sugansu ya fara hawa, da suka sa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba maganin metformin, da nasu ya ragu da kashi 31. A Birtaniya kuma, binciken da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta ya nuna a 2017 cewa kusan rabin masu ciwon da ba su daɗe da kamuwa ba, da aka sa su a tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Ko 'yar tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin tuwon dare tana rage hawan suga. Wanda kuma yake son ya san matsayinsa ba tare da sikeli ba, ya auna tsawonsa da igiya, ya lanƙwasa ta gida biyu daidai, ya zagaya ta a ƙugunsa daidai cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa.

Zan rufe da gargaɗi ga masu shan magani. Duk wanda yake allurar insulin ko yake shan ƙwayoyin ciwon suga irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci farat ɗaya saboda ya ji wani saƙon murya, sugansa yana iya faɗuwa ƙasa, ya kama rawar jiki da gumi, ya suma, wani lokaci ma a rasa shi. Mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu su ma kada su sauya cimarsu sai da sanin likita. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa kafin a karya, kuma idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita a wata rana aka sake samun haka, sai a nufi asibiti. Ina roƙon wannan jarida ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ta riƙa gayyato likitoci da masana abinci na asibitocin koyarwarmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su yi mana bayani da ma'aunin da muka sani, wato malmala da ludayi da gwangwani da mudu, su kuma amsa tambayoyin masu karatu a kan tuwo da fura da waina da muke ci kullum.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin kimiyya, daga Funtuwa, Jihar Katsina.